Emil Bartos, Mai Jifan da Aka Bari a Akwati

An haifi Emil Bartos a shekarar 1938 a garin Shamokin na jihar Pennsylvania. Mahaifinsa Andrej mahaƙin kwal ne, mahaifiyarsa Helena kuwa tela ce. Ni Dolores, matarsa, nake rubuta wannan tarihi da hannuna, ko da yake aji uku kawai na yi, domin masu karatun gidanmu sun ba ni kunya.

Karatunsa da Wasansa

Ya kammala sakandare a shekarar 1956, a lokacin da duk gundumar ta shaida babu yaron da ya kai shi jifa a wasan besbol. Ya shafe shekaru yana bin ƙananan ƙungiyoyi gari-gari, har zuwa 1964 da wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. A farkon kakar wasan kafaɗarsa ta dama ta goce, amma koci ya ce masa, “Ka jefa, ko ka koma rami wurin ubanka.” Ya jefa. Ya ci wasa uku, ya faɗi sha ɗaya, aka sallame shi.

Aurensa da Aikinsa

Mun yi aure a shekarar 1960. Bayan sallamarsa ya kama aiki a masana'antar riguna, inda ya zauna har ya yi ritaya a 2001, kuma tsawon wannan zamani da hagu yake ɗaga kofin shayi. Bai taɓa zagin kocin nan ba. Ni na zage shi, kuma ban gama ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Oktoba na 2019 bayan jinyar zuciya, aka binne shi a maƙabartar cocinmu kusa da iyayensa.

Abin da Aka Yi Bayansa

Akwai maza a garin nan da ke zama a zauren 'yan kwana-kwana kowace Lahadi suna maimaita wasannin besbol na shekarun baya a kan tebur. Kowane ɗan wasa yana da katinsa mai ɗauke da ƙoƙarinsa na shekarar, sai a jefa ƙwayoyin ludo a ga abin da zai faru. Suka ce za su maimaita kakar 1964 don tunawa da Emil, suka naɗa autanmu Dennis kocin ƙungiyar ubansa. Na yi murna, na gaya wa kowa a coci.

Ranar wasan ƙarshe aka gayyace mu. Na zo da jikoki cikin kayan Lahadi, Fadan cocinmu ma ya zo. Na zauna ina jiran a kira sunan mijina. Aka kira wani, aka canza shi da wani. Sai Stan Hudak, mai riƙe da ɗaya ƙungiyar, ya yi dariya ya ce, “Haba Dennis, sako mana tsohon mana, mu ma mu ɗan samu na kai wa gida!”

Na ce, “Dennis, ina katin ubanka?”

Ya ce, “Mama, ki yi ƙasa da murya.”

Na ce, “Ina yake?”

Ya ce, “Yana akwati. Katin Baba ba ya cin wasa, Mama. So kike mu faɗi a ranarsa?”

Ashe tun farkon kakar bai fito da shi ba ko sau ɗaya. Ƙungiyar ta ci kofi, aka tafa, aka ce an karrama marigayi. Fada ya sunkuyar da kai. Jikata Renee ta tambaye ni wanne ne Kaka a cikinsu. Tun ranar ta ƙofar baya nake shiga coci.

Buƙatata ɗaya ce. A sake kakar daga farko, a sa Emil a kowace ranar da ya yi jifa, in zai faɗi sha ɗaya ya faɗi. Shi ya tsaya ya faɗi da ƙafarsa, bai ɓuya ba.

'Ya'yansa

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Marlene, malamar jinya, Gerald, direban babbar mota, Rosalie, da ke aure a Scranton, sai Dennis. Na ɗauko katin daga akwatin nan, yana aljihuna, Dennis. Ka zo ka karɓa ranar Lahadi a gaban mutanen nan, kuma a kan tebur za ka ajiye shi.