Injiniyan Da Aka Ba Makullin Sito

Yau shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Injiniya Haruna makwancinsa a Miga. Abokina ne tun firamare, ɗan makiyaya, bai taɓa zuwa na biyu a jarrabawa ba. Ni kuwa da kyar nake tsallakewa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, tare muka taho Dutse, muka kama ɗaki a Limawa, aka ɗauke mu aiki a ofishin ruwa. Haruna ya san ƙasa. Zai duba taswira, ya murza turɓaya a tafin hannu, ya ce a haƙa nan, kuma a tarar da ruwa. Mutane ne bai sani ba. Ba ya zuwa gaisuwa gidajen manya, kuma bai iya haɗiye magana ba.

Wata rana shugaban ofishinmu ya ba da umarnin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidan surukinsa. Haruna ya miƙe a gaban baƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, dutse ne a ƙarƙashin wurin nan. Ko shekara za a yi ana haƙa, ba ruwa." Aka haƙa, ba a samu ko ɗigo ba. Gaskiya ɗaci gare ta. Bayan mako biyu aka tura shi Kiyawa ya riƙe makullin sito. Ni na buga takardar canjin wurin aikin, ni na miƙa masa, ban ce uffan ba.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar ya yi murna, ya ɗauka adalci zai shigo har cikin ofis. Sau uku yana rubuta koke, shiru. Haka ya ci gaba da gadin matattun fanfuna har hawan jini ya kwantar da shi.

Ni da matsayin darakta na yi ritaya. Da Haruna zai dawo yau ya ga masu digiri suna jan keke napep tsakanin Dutse da Kiyawa, ba na jin zai yi mamaki. An ce ilimi gishirin zaman duniya, to amma wa ya taɓa ƙoshi da gishiri?

Rijiyoyin da ya zaɓa wa wuri har yanzu suna shayar da ƙauyuka, sai dai masu ɗiban ruwan ba su san sunansa ba. Bara na roƙi babban ɗansa ya sa 'ya'yansa a boko. Ya dube ni ya ce, "Baffa, me karatu ya tsinana wa mahaifinmu?"

Allah ya jiƙan Haruna, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.