Tandun Man Shanun Kakata

Ƙanena ya zo daga ƙauye a makon jiya, ya kawo mini tsarabar man shanu a kwalba, irin soyayyen nan da ake jefa wa albasa. Ina kwance murfin, ƙamshin ya bugi hancina, sai ga ni tsaye a tsakar gidanmu na ƙasar Batsari, ba riga ba takalmi, riƙe da akushi ina roƙo. Mutum da jikokinsa, amma miyau ya tsinke mini kamar yaro.

A daidai lokacin ana gardama a falo. 'Yata da ɗana ne gaban talabijin suna kallon shirin girki. Mai girkin tana kwarara mai a tukunya kamar an ce gobe za a hana sayar da shi, ta marmasa dunƙule ba adadi, ta kawo madara ta ƙara. 'Yata, wadda take aikin jinya, ta ce ya kamata a hana irin waɗannan fitowa, su ne suke cika musu asibiti da masu hawan jini da ciwon suga. Ɗana kuwa, wanda ba a shiga tsakaninsa da abinci, ya ce in dai dafaffen ganye za a riƙa nunawa, gara a kashe talabijin ɗin kowa ya huta. Suka juyo wai in raba musu gardama.  Amma bari in ba ka labarin matar da ta raba mini ita tun ban san akwai talabijin a duniya ba.

Kakata ce, wadda ta haifi babana. 'Yar ƙaramar mace ce siririya, ba ta da ƙarar murya, amma in ta ce a'a ko mai unguwa ba ya sake tambaya. A ɗakinta akwai wani babban tandu na fata, ya yi baƙi don daɗewa, kullum yana rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Man shanu ne a ciki. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da shanu suka ƙoshi, matan Fulani sukan zo daga wajen Ruma da ƙoren nono, curin mai yana yawo a kai fari tas. Kakata takan ba su gero su ba ta mai, ta soya shi da albasa har ruwan ya ƙone, ta tace, ta ɗura a tandun, ta toshe. Haka take yi a hankali har ya cika.

To mu me muke ci? Tuwon dawa da miyar kuka, ko busasshiyar kuɓewa, daddawa ce kawai gatanta. Da damina kwaɗon rama da na tafasa, da dambun zogale. Yanzu ina jin ana yabon waɗannan a rediyo wai abincin lafiya ne. Ba zan yi maka ƙarya ba, mu ba don lafiya muke cinsu ba, su ne ke akwai. Ni dai a lokacin da za a tambaye ni, da na ba da zogalen garin kakaf a ba ni cokali guda na abin da ke cikin tandun.

Ba wai ba ta buɗe shi ba ne. Tana buɗewa, amma da ƙa'idarta. Mai jego tana samu. Wanda ya tashi daga ciwo yana samu har ƙafarsa ta yi ƙwari. Sai wanda ya yini a gona. Shi ma ba ta yarda da baki, tafin hannu take dubawa. Ni kuwa da yake jika ne, akwai wasa tsakaninmu, maigidanta take ce mini. Sai in ɗauki akushina in tsaya a ƙofarta in marairaice. Ta kama hannuna ta juya, ta shafa tafin da babban yatsanta.

"Mi ka noma, maigida?" in ji ta. "Wanga hannu ai ko tsintsiya bai sani ba. Tafi ka ci tuwonka."

Haka zan koma ina ƙunƙuni. Ba ni kaɗai ke ƙunƙunin ba, garin duka ya sa mata suna. A bakin rijiya mata sukan tambayi innata ko har yanzu surukarta na jiran man nan ya haihu. Innata takan dawo ranta a ɓace. Kakata ta ji, ta san ana kiranta marowaciya, ko a jikinta.

Sai wata damina kurkunu ya kama babana. 'Yan yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba mu da shi. Wata tsutsa ce doguwa kamar zare da ake sha a ruwan tafki, ta fito wa mutum a ƙafa, kuma ba ta tashi fitowa sai an yi shuka. Babana ƙafa biyu ta kama shi. Kakana ya daɗe da rasuwa, babu wani namiji babba a gidan. Ruwa kuma ya zauna sosai a shekarar, ciyawa ta taso ta rufe geron babbar gonarmu har ganyensa ya fara yin ruwan ɗorawa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san in noman farko ya wuce ka, shekarar ta wuce ka. Rumbunmu kuwa an riga an fara jin ƙasansa in an zura hannu, ga ƙanena yana goye a bayan innata.

Babu mafita sai gayya. A raba goro, a sa rana, samarin gari su taru su nome maka gona a yini guda, da makaɗi yana zuga su. Ba a biyan kowa, abinci shi ne ladan. Shi ya sa samari suka san gidan da ake rububin gayyarsa da gidan da ake kai wa uzuri, balle a lokacin da kowa ke da tasa ciyawar. Aka kai wa shugaban samari goro, ya karɓa ya ce Allah ya kai mu. Kafin ranar ta zo, magana ta dawo mana ta bakin rijiya: wai samari sun ce ba za su karya ƙugu a kan miyar da ba ta ƙyalli ba.

Ranar gayya hantsi ya yi, waɗanda suka zo ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma abokan babana ne, dattawa. Makaɗi ya zauna a kan gangarsa yana cin goro. Na dawo gida na faɗa. Babana yana zaune a zaure da ƙafafu a miƙe, an ɗaure su da tsumma. Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar.

Kakata ta fito daga ɗakinta da tandun a rungume. Ta ce a kwashe tukwane da itace da garin tuwo, a kai gona.

"Inna, a gona za a yi girkin?" in ji innata. Al'ada dai a gida ake dafawa a kai. "Mi mutane za su ce?"

"Sun daɗe suna cewa. Ɗauki tukunya."

Da muka isa ba ta sa an kafa murhu nan take ba. Ta ɗebo toka a bakin zanenta, ta watsa sama ta ga inda iska ta kai ta. Sai ta zagaya da mu can gefen da iskar ke fitowa, gindin wata tsamiya, inda duk abin da ya tashi zai ratsa gonarmu ya bi ta kan hanya ya sauka a gonakin mutane. Aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miya. Sannan ta ɗora kasko, ta yanka albasa, ta cire toshiyar tandun ta kifa shi. Ba ta tsiyaya ba, kifawa ta yi, har tana bubbuga gindinsa. Ajiyar shekara guda ta sauka a kaskon nan da wata ƙara, caaa, ƙamshi ya tashi ya bi iska.

Na farkon da ya zo cewa ya yi ruwan sha yake nema, amma da hauyarsa a kafaɗa. Na biyu wai ya zo duba jikin babana, a gona. Daga nan aka daina neman dalili. Ta kowace kusurwa sai ga samari suna tsallako kunyoyin gona, makaɗi ya tofar da goro ya rataya ganga. Kakata tana zaune da ludayi a hannu, ta ce ba wanda zai ɗanɗana sai an kai wancan bakin gonar. Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Ƙasa na tashi, gumi na zuba, ana ihu ana tsere a kan kunya. Ni ma na sami wata 'yar hauya na shiga bayansu. Ba wani abin kirki na nome ba, amma kafin a gama tafin hannuna ya yi bororo, har ɗaya ya fashe.

Rana ba ta yi sanyi ba aka gama gonar tas. Aka zauna gindin tsamiya, mai yana yawo a kan miya kamar an zuba ruwan zinariya, ana lasar yatsu har wuyan hannu. Shugaban samari ya zo ya durƙusa gabanta yana sosa ƙeya.

"Inna, ashe ajiya kike yi."

"Ajiya nake, ɗan nan. Naku ne tun farko, ba ku zo karɓa ba ne."

Ni ma na bi layi da akushina. Ta kama hannuna ta juya kamar kullum. Ta daɗe tana kallon bororon nan. Sai ta kankaro ƙasan kaskon, inda albasa ta soyu ta yi ja, ta juye mini.

"Ci, maigida. Yau ka yi noma."

Na ci abinci a manyan otal, na ci a gidajen manya, ban sake cin abin da ya kai wannan ba. A kakar shekarar sai da aka yi wa rumbunmu ƙari. Daga ranar ba wanda ya sake kiranta marowaciya a gabana ban tanka ba. Ita kuwa da matan Fulani suka fara zuwa ta koma ɗurinta, da na je da akushi kuma ta ce wancan na ci abina, yau mi na noma?

Yanzu ka ga abin da ya sa gardamar 'ya'yana ba ta dame ni ba. Ni ban ga laifin mai ba, ban kuma ga laifin ganye ba. Abin da na gani shi ne mai girkin talabijin ba ta ganin hannun wanda zai ci. Girkin gayya take koya wa mutanen da suka yini a kan kujera, kuma kullum, safe da yamma. Ni kaina ina cikinsu. Aikin ofis ya ajiye mini tumbi, hawan jini ya biyo baya, 'yata ce ke auna mini gishiri. Da zan sami mai girkin nan, ba zan ce ta daina zuba mai ba. Zan ce in ta ɗauki kwalbar ta riƙa faɗin na wane ne, da kuma na wace rana.

Ƙanen nan nawa shi ke riƙe da gonar har yau. Ka san halin da yankinmu ke ciki. A ƙungiya suke fita, wasu na noma wasu na kallon daji, wata rana a baro hauya a guje. Duk da haka ya shuka, ya nome, ya kai amfani gida, har ya tuna da ni. Da aka kawo abincin rana, tuwon dawa da miyar kuka, na sa aka narka man. Na ce ya ba ni hannunsa. Ya yi dariya, don ya san labarin, ya miƙo. Tafin kamar busasshiyar fata, duk kanta. Na zuba masa har sai da ya riƙe kwalbar yana cewa, "Yaya, ya isa haka nan."

Ɗana ya turo nasa kwanon. Na juya hannunsa, laushi kamar audugar da aka shiɓe, in ban da babban yatsan da ke latsa waya. Na ɗiga masa ɗigo biyu don albarkacin baƙo. Na mayar da murfi na ɗaure.

Jikata tana ta kallona. Ta ce, "Kaka, kai ba ka sa ba."

Na buɗe tafin hannuna na duba. Na daɗe ina dubawa, ko zan ga alamar bororon nan, babu.

"Ni mi na noma?" na ce da ita. Na jawo tuwona na ci, kuma wallahi ban ji an cuce ni ba.