Ɗakin Inna a Cikin Tabarau

Tun ina da cikin 'yata nake fama da wata fargaba da ban faɗa wa kowa ba: na fara manta gidanmu na Ƙarfi. Inna ta rasu kafin aurena. Damina biyu bayan nan ɗakinta ya zube, yayyena suka share wurin suka ɗora bulo. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ina goye da yarinyar da aka sa wa sunanta, ina cewa a raina, ran da ta tambaye ni inda mai sunanta ta zauna, me zan nuna mata?

Maigidana manomi ne a Dayi, masara da auduga. Shi ya gama sakandare, ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Bayan girbi ya sayo tsohuwar kwamfuta a Funtuwa, wai zai koyi zanen da ake yi wa wasannin gem. Malaminsa yana wata ƙasa, a bidiyo darasi ke zuwa. Da safe sai ya hau babur ya je bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, ya sauko da shi, ya dawo gindin darbejiya yana tsayarwa yana maido baya, don Turancin mutumin ta hanci yake fita.

Na ce, "Maigida, gemai-gemai da kai, wasan yara?"

Ya ce, "Ba bugawa zan yi ba, ginawa zan yi. Zo ki gani."

Na leƙa. Wani akwati ne mai launin toka yana tsaye a sarari. Ya ja gefensa, ya zama bango. Ya lotsa wani, ya mulmula shi, sai ga tukunya. Har rana ya ɗauko ya ajiye ta gabas, inuwar tukunyar ta kwanta yamma. Miyata ta kusa ƙonewa ran nan.

Da karatu ya yi nisa aka ce kowa ya gina wurin da mutum zai iya shiga. Ya gina ɗakin ƙasa ya tura. Malamin ya amsa cewa ya yi kyau, amma kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Maigida ya yini yana tsaki.

Na ce, "Ai gaskiya ya faɗa. Ina ka taɓa ganin gindin bango fes haka? Ruwan indararo yakan fantsala ya ci shi. Dokin ƙofa kuma tsakiyarsa ke lotsawa, inda ake takawa. Ƙasan randa ba ya bushewa, har kore-kore yake yi."

Ya kalle ni. "Uwargida, a wace makarantar kika karanto wannan?"

"A ɗakin Inna."

Ya matsa mini a tabarma. "To, shi za mu gina."

Mun yi makonni muna yi. Ina faɗa yana sawa. Gadon ƙarfe ta hagu, ƙafa ɗaya bisa dutse. Jeren samira. Baƙin hayaƙin fitila a jikin azara. Na sa shi ya sake hasken taga sau biyar, don ba a kan gado yake sauka ba, a kan buhun gero ne. Ya ce na fi malaminsa tsanani.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci, ya aro wani tabarau wurin abokinsa mai shagon gem a Malumfashi, ƙato kamar kwano, ana zura waya a ciki a ɗaura a fuska. Ya karɓi yarinyar, ya ɗaura mini.

Ƙofar Inna ce a gabana. Ban san sanda na tuɓe takalmi na yi sallama ba. Na ji shi yana dariya, "Wa zai amsa miki?" Ban kula shi ba. Na ɗaga kai, ga azara. Na sunkuya, ga danshin randa. Hasken nan yana kwance a kan buhu kamar hantsin kowace Asabar da nake shara. Na miƙa hannu in ɗauki moɗa, na damƙo iska. Allah mai iko! Ina tsaye a tsakar gidana a Dayi, kaji na bi ta ƙafata, amma ina Ƙarfi.

Sai na juya baya. Bangon da ke bayan ƙofa toka ne, sumul, babu komai.

Ya ce a hankali, "Ba ki faɗa mini komai a kansa ba."

Na yi ta tunani, ya ƙi zuwa. Na kira yayyena. Babban ya ce kalanda ce a wurin, ƙaramin ya rantse ƙusa ce da Inna ke rataya mayafi. Maigida ya ce ya iya sa duka biyun cikin minti kaɗan. Na ce ya bar shi haka, ba zan nuna wa 'yata abin da ban tabbatar ba. Bango uku za ta samu in kanta ya isa tabarau, kuma na gode Allah da su.

Mai karatu, in ɗakin da ka girma a ciki yana nan tsaye, don Allah ka je cikin makon nan ka ɗauki hotonsa. Bango huɗun duka, har da na bayan ƙofa.