Cuku Mai Jan Ɓawo

Shekarata ta biyu a jami'ar Bron na samu aiki a wani shagon cuku da ke tsohon garin Lyon, a Faransa. Mai shagon 'yar Sifaniya ce, kuma duk Asabar takan tara 'yan yawon buɗe ido goma sha biyu ta koya musu yadda ake cin cukun ƙasarsu da giyar inabi. Ni aikina yanka cuku da jera shi a kan allo.

Kafin in karɓi aikin sai da na sha faɗa wurin Hajiya, yayar mahaifiyata, mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris. Ita aka damƙa wa amanata ranar da na baro Tahoua. Na rantse mata cewa ko ɗigon giya ba zai wuce maƙogwarona ba, kuma ba zan taɓa kwalba ba. Ta ce in har na saɓa, da bakinta za ta gaya wa uwata.

Ban taɓa ganin wauta irin ta waɗannan baƙi ba. Ƙato da gemunsa zai ɗauki yanki kamar farce, ya shinshina, ya lumshe ido sai ka ce an yi masa bushara. Sannan ya juya kofi, ya cusa hanci ciki, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokiti. Daga Amurka ya taso don ya yi tofi a Lyon. Mai shagon kuwa tana ta zuba da Ingilishi, ni ba na jin ko rabi, ban kuma damu in ji ba. A garinmu cuku sai ka sa haƙori da gaske, ka bi shi da shayi mai zafi, ba mai yi maka lacca. Ina tsaye da wuƙata ina raina su ɗaya bayan ɗaya, ina jin ni kaɗai ne mai tsarki a ɗakin.

Abin da ya rage a kan allo nawa ne. Na tumaki ya cika gishiri, mai shuɗin tsatsa kuwa ko kare na ba shi sai ya yi fushi da ni. Amma akwai wani na akuya, fari tas a ciki, mai laushi, ɓawonsa ja mai duhu. Da ganinsa na ce ashe su ma sun san karan dafi, irin wanda ake rina wagashi da shi, cukun nan da ke zo mana daga Gaya. Ban tambayi kowa ba, tun da a ganina babu abin da waɗannan mutane za su koya mini a kan nono. Na ci na ƙoshi, har na riƙa sayen guda sukutum ina kai wa Hajiya tsaraba duk lokacin da na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Wata takwas ana haka.

Wata Asabar sai aka kawo tsofaffi daga Kanada, masu jin Faransanci. Mai shagon ta ɗaga cukun nawa, ta yi bayani da harshen da nake ji sarai: kwana uku ake jiƙa shi cikin jar giya, shi ya sa ɓawon ya rine. Tsofaffin suka gyaɗa kai. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Masu tofin da nake yi wa dariya, su dai sun san abin da ke bakinsu.

Ban iya faɗa ta waya ba. Na je Paris, na sami Hajiya tana auna wa wata mata yadi. Na jira, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na gaya mata duka, ban rage komai ba.

Ta daɗe tana ninke atamfar da ta riga ta ninke.

"Hajiya, wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

"A'a."

"Kai da karatunka duka." Ta aje yadin. "Wanda ka kawo na ƙarshe ban ci shi ba. Wata Hajiya ta tahi gida, na ba ta ta kai ma uwarka."

Ta ɗauko wayarta ta ci gaba.

"Jiya uwar taka ta kira ni. Ta ce ta raba ma maƙwabta, kowa ya sa maka albarka. To ga waya nan, ɗana. Ni ba ni iyawa."