Faifai Mai Ƙofa

Ba tatsuniya zan ba ku ba, ko da yake bakina ya saba da ita. A tatsuniya kura ce ke bin mutum. Ni kalma ɗaya ce ta biyo ni, tun daga Gwandu har Kalgo, kuma har yau ban tabbata ta juya ba.

Ina ɗinka faifai tun ban iya ɗaura zane ba. Faifan gidanmu yana da alama. Baƙin zoben da ke kewaye tsakiyarsa ba ya rufewa. Ana barin 'yar ƙofa, faɗin yatsa biyu, sai jan layi na karan dafi ya fita ta nan ya nufi baki. Matan unguwa suna cewa mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce. Haka kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna Babba, ta koya wa uwata, uwata ta koya mini.

Ina da jika, ɗiyar ɗana na fari, tana karatun zane a babbar makaranta a Kalgo. Aikinta na gama karatu faifai ne, amma irin wanda ba a bakace da shi. Ya fi ƙofar zaure faɗi. Da baƙar leda ta ɗinka shi, da matattun wayoyin caji, da jan tsumma. Ranar da ta nuna mini hotonsa a waya na ce, "Wannan tuwon wa za a rufe da shi, na aljannu?"

"Tsohuwa ke nan," in ji ta. "Na kallo ne, ba na tuwo ba."

Amma ƙofar tana nan, jan layin yana nan. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Wata rana da hantsi ta shigo, sallamar ma da ƙyar ta fito, idanunta jajur.

"Kaka, an tsai da aikina."

"Mi kinka yi?"

"Malamin da anka gayyato ya duba mu, ya ce yana shakkar asalinshi."

Basilla ta faɗi daga hannuna. Wanda bai tashi a garinmu ba, ba lalle ya san nauyin wannan kalma ba. A wurinmu in an ce mutum ba shi da asali, an gama da shi, da shi da jikokinsa. Ba a faɗa da ƙarfi. A gidan suna ake raɗa ta, a bakin rijiya ake miƙa ta, sai ka ga masu gaishe ka sun rage durƙusawa.

Mu kuwa muna da abin tsoro. Inna Babba ba 'yar Masama ba ce kamar yadda muke faɗa. A Masama aka sauke ta. An kawo ta tana ƙarama, a zamanin da ake kawo mutane, ba ta jin Hausa, ba ta jin Fillanci, sunan garinsu ma ya ɓace mata. Uwata ta gaya mini wata rana tana yi mini kitso, ta ja gashina ta ce in haɗiye. Na haɗiye. Ko 'ya'yana ban gaya wa ba.

Yarinyar ta ga fuskata ta ce, "Ba asalin mutane ba, Kaka, asalin aiki. A wurinsu abu na asali shi ne wanda ba a riga ka yi ba."

"To ai wannan shi ne marar asali! Abin da ba uwa, ba uba?"

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce malamin ya taɓa ganin irin zanen nan a hoto, yana zaton daga waya ta kwafa. Ya kuma ce ra'inta bai tsaya ba. Na tambaye ta mene ne ra'i, ta ce bayanin dalilin da ya sa ta yi aikin yadda ta yi shi. Ta rubuta cewa gadon gida ne, ya ce gado daga wa? Ta kawo shaida, ko kuwa aikin ya faɗi, ita kuma ta fita da sunan mai satar zane.

"Kaka, ke ce shaidata."

Na ɗauko tsohon faifan Inna Babba daga ƙasan adaka, na naɗe shi a zane. A mota, muna wuce fadamun shinkafa, ba abin da nake yi sai bitar kalma ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Masama, Masama. Na faɗe ta duk rayuwata, amma ranar nan ta yi mini nauyi a baki kamar ɗanyen rogo.

Ɗakin da suka jera ayyukansu ya ƙara mini fargaba. An rataye keke kai ƙasa, an shafe shi da farin fenti. An tara fasassun kwanoni a tsakiya, wai aiki ne, kada a taka. Ga talabijin tana nuna mace tana daka, ba ƙarar turmi. Can a bango faifan jikata, baƙi ƙirin, ƙofarsa a buɗe tana kallona. Sai na hango wata yarinya cikin ɗalibai, 'yar unguwarmu, wadda uwarta in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai Maruda.

Malamin dattijo ne mai furfura, Hausarsa ta mutanen gabas. Ya rusuna ya ce, "Inna, sannu da hanya, mun wahalar da ke." Ya sa aka kawo mini kujera. Ya nemi izini kafin ya taɓa faifan. Ya daɗe yana juya shi a hankali.

"Wa ya koya miki?"

"Uwata."

"Ita fa?"

"Uwarta. Wannan ɗinkinta ne."

"Allah ya jiƙanta. 'Yar ina ce?"

Masama tana kan harshena. Kafin ta fito ya juyo mini da wayarsa, ya ce in duba. Hoton wani tsohon faifai ne, ya ci hayaƙi. Baƙin zobe, 'yar ƙofa, jan layi ya fita ta nan. Kamar hannu ɗaya ne ya ɗinka su. Ya ce a gidan tarihi yake, daga wata ƙasa mai duwatsu can kudu mai nisa aka samo shi, kuma bai taɓa ganin irinsa a ƙasar Hausa ba, shi ya sa ya yi shakka.

Na ji kamar an kira ni daga kabari. Na kuma gane inda aka tsai da ni. In na ce Masama, ba abin da ya haɗa Masama da duwatsun nan, zai ce daga hoto aka ɗauka, da ni da ita. Na dubi jikata, ta damƙe gefen hijabinta. Na dubi 'yar unguwarmu, tana danna waya, ban san ko kunnenta yana wurinmu ba.

Na ce, "Malam, ba mu san garinsu ba. Kawo ta anka yi."

Muryata ta fito ƙarama. Ya cire tabarau ya riƙe. Da ya yi magana, ya sassauta murya yadda mu uku kaɗai za mu ji.

"To ba kwafa ba ce. Zanen ne ya yi tafiya a hannun mutum." Ya juya ga yarinyar. "Ke me kika ƙara a kai?"

Ta ce, "Na ɗinka shi da abubuwan da anka jefar. Amma ƙofar, sai yau na san daga inda ta fito."

Ya ce ta je ta sake rubuta ra'inta, kada ta sa ko kalma ɗaya da ban yarda da ita ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Inna, kina so in gaya miki sunan wurin?"

Na ce a'a. Wallahi tsoro ne. Na ji in sunan ya shiga kunnena, zai fito a fuskata.

Aikin ya wuce. A mota ba ta tambaye ni kome ba, ta dai ɗora kanta a kafaɗata kamar tana goye. Ita ta karɓi sunan wurin daga bakin malamin daga baya. In ta zo gida takan tsaya a bakin ɗakina ta ce, "Tsohuwa, yau?" In ce, "Ba yau ba."

Kwanan baya a wani gidan suna, uwar yarinyar nan ta unguwarmu ta matso kusa da ni, tana murmushi, ta ce tana son in ɗinka mata faifai. "Irin naku ɗin nan, mai ƙofa." Na duba murmushin ta kowane gefe, ban gane abin da ke ƙarƙashinsa ba. Na ce to.

Jiya na kai baƙin zoben faifan nata. Saura yatsa biyu ya haɗe. Na daɗe zaune da basilla a hannu, ina jin 'yan matan maƙwabta suna dariya a bayan katanga, ban san da wa suke ba. Sai na ajiye baƙar kaba, na ɗauki ja.