Iskar da Babu Ita a Duniya

Wata rana, a wata sakandaren 'yan mata da ke Gusau, aka kawo baƙuwar ɗaliba aji huɗu.

Sunanta Haulatu. A Kafanchan ta tashi, sauyin wurin aikin mahaifinta ne ya kawo su. Ba ta san kowa ba, kuma Hausar bakinta irin ta can ce, wadda ba ta cika raba mace da namiji ba.

A darasin Fiziks na farko ta ɗaga hannu cike da ɗoki.

"Malam, iska yana da nauyi?"

Aji ya ɓarke da dariya. Wata doguwar yarinya mai suna Zuwaira ta juyo daga bencin gaba tana riƙe da ciki. "Iska yana? Yaushe iska ta zama namiji ba mu ji shela ba?"

Tun daga ranar suna ya bi ta: Iska Yana.

Tun daga ranar kuma ba ta sake ɗaga hannu ba.

Idan an tashi tara, ita kaɗai take zama a aji. Ta buɗe ƙunshin wainarta, ta ci tana kallon taga, tana jin shewar 'yan mata a gindin darbejiya kamar daga wani gari take zuwa. A gida ma ba ta faɗa ba. Idan mahaifiyarta ta tambaye ta ya makaranta, sai ta ce lafiya lau.

Sai aka shiga babin dokokin iskar gas.

Malam Tasi'u, malamin Fiziks, ya sanar da su tun da wuri cewa jarrabawar ƙarshen zango ce za ta tace ajin. Wadda ta faɗi za ta bar ajin kimiyya. Ita kuwa Haulatu tun tana ƙarama burinta ta zama ungozoma, kuma ta san babu wata ƙofa sai wannan.

Ba ta gane babin ba. Tambaya kuma sai da baki.

Sai ta koma ga abin da ta iya tun a Islamiyya: hadda. Ta haddace dokar Boyle, ta haddace ta Charles, tana rausayar da kai kamar mai tilawa. Kalma ɗaya ba ta kuskure mata. Amma da zarar Malam ya juya tambaya ta wata fuska, sai kanta ya yi duhu. Ta san yadda ake faɗin dokar, ba ta san me dokar take faɗa ba.

Wata Laraba, Malam ya yi musu bayanin abin da littafi ke kira cikakkiyar iska. Ya ce ita ce wadda dokokin nan suke hawa daidai a kanta, domin ƙwayoyinta ba sa jan juna. Kowace tana yawonta, ta bugi bango ta dawo, ba ruwanta da 'yar'uwarta.

Haulatu ba ta ji sauran bayanin ba. A nan zuciyarta ta tsaya.

Ashe akwai abin da cikarsa ita ce rashin bukatar kowa.

Da aka tashi tara, ta zauna tana kallon zanen da Malam ya bari a allo: akwati, da ɗigo-ɗigo a ciki, kowanne nesa da kowanne. Ba ta san hawaye na zubo mata ba sai da ta ji takun mutum.

Zuwaira ce, ta dawo ɗaukar gorar ruwanta.

"Ke Iska Yana, mi ya faru? Allon ya zage ki?"

Haulatu ta share ido da gefen hijabi. Wataƙila gajiya ce ta buɗe mata baki.

"Ba komai. Kaina nake kallo. Ni ce wannan iskan. Ba na jan kowa, ba mai ja na."

Zuwaira ta dubi allon, ta dube ta.

"To ai ba ki ji ƙarshen zancen ba. Malam ya ce babu ita a duniya."

"Babu ita?"

"Ko ɗaya. Ƙaddara ta aka yi don lissafi ya yi sauƙi. Ta gaskiya, in sanyi ya yi yawa ko aka matsa mata, ƙwayoyin kusantar juna suke yi har su kama juna. Ba ki taɓa girgiza tukunyar gas ɗin gidanku kin ji tana ƙara kamar ruwa ba?"

Haulatu ta sha jin wannan ƙarar. Ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Zuwaira ba ta ba ta haƙuri ba, ba irin waɗannan yaran ba ce. Hannunta kawai ta ja zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ta roƙi mai kula da ɗakin aron sirinji marar allura. Ta ja iska a ciki, ta ce wa Haulatu ta toshe bakin da babban yatsa, ta danna bayan sirinjin da ɗaya hannun.

Haulatu ta danna. Da farko ya tafi salin-alin. Can sai ya fara turjiya, kamar akwai mai turo ta daga ciki.

"Kin ji? Kin rage mata wuri, sai ta ƙara matsi. Shi ke nan Boyle ɗin da kike ta rera mana kamar ƙasida."

"Kina ji na?"

"Duk aji na jin ki, malama."

Dariya ta kuɓuce wa Haulatu, ta farko tun zuwanta garin.

Washegari Zuwaira ta zo da balan-balan, suka ɗan hura ta, suka ajiye a rana suna kallon yadda take ƙara cika. Charles ke nan. A wurin ne asirin Zuwaira ya tonu: ta gane komai da ido, amma lissafi na kayar da ita, kullum sai ta manta ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a ma'aunin zafi kafin ta fara. Wannan kuwa haddar Haulatu ba ta taɓa yar da shi ba.

Sai suka raba aiki. Ɗaya ta nuna, ɗaya ta lissafa.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Haulatu ba ta yi na ɗaya ba, ba ta ma kusa ba. Da ƙyar ta haye. Amma da Malam Tasi'u ya gama kiran waɗanda za su ci gaba a ajin kimiyya, tana ciki. Zuwaira ma haka.

Da aka tashi, Haulatu ta kama hanyar gida. Ta yi nisa kafin ta lura akwai inuwa a gefen tata. Ta juya ta ga Zuwaira, ta ce:

"Ba Tudun Wada kike ba? Ai kin baro hanyarku."

"Rakiya ce," in ji Zuwaira, ba ta ko dube ta ba. "Ki yi sauri, rana na dukana."

Sai da ta kai ta har ƙofar gida.

Darasi: Mutumin da ba ya bukatar kowa a takarda kaɗai yake, kamar waccan iskar. Wanda kuka ga ya yi shiru a ƙarshen aji, ko a ofis, ko a cikin gidanku, ba lallai ne ya ƙoshi da mutane ba. Wataƙila sau ɗaya ya buɗe baki aka yi masa dariya. In kai ne ka yi dariyar, ba ka makara ba. In kuma ke ce mai shirun, ki daure ki ƙara faɗin kalma ɗaya.

Ku tura wa wadda kuka daɗe ba ku ji muryarta ba. In da hali ma, ku kira ta.