Gefen Dama na Ɗanladi

Ranar da muka tono kabarin Ɗanladi a Jajaye, har na mutu ba zan manta da ita ba. Zamanin En'e ne, ina diresa a Karaye: in wanke gyambo, in kuma riƙe wa likita kayan aiki in ya zo rangadi daga Kano.

Ɗanladi ya faɗi a gona da hantsi, kafin azahar an binne shi. Sai maƙwabta suka ce wansa, Malam Sale, shi ya kashe shi da duka saboda rikicin iyaka. Kwana uku da binnewa aka turo likita Bature ya duba, tsakiyar bazara.

Ku 'yan baya, ku saurara. Idan zuciya ta tsaya, jini gangarawa yake yi ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, wurin ya yi baƙi ƙirin. Turawa rigingine suke kwantar da mamacinsu. Mu kuwa a gefen dama muke kwantarwa, fuska gabas, tun jiki bai gama sanyi ba. Rarrabewa ba wuya: ka tsaga fata. In duka ne, za ka ga gudan jini cikin tsoka.

Da muka ɗage itatuwa, ciki ya kumbura, fata ta fara saɓulewa. Likita ya toshe hanci da hankici, ya leƙa daga nesa, ya ga baƙi daga kafaɗar dama har ƙugu. Ya ce, "Sanda ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, makwancinsa ne. Ga wuƙa, a tsaga a gani."

Ya ce, "Kai ne likita ko ni?"

Malam Sale na tsaye da igiya a ƙugu. Ya ce mini, "Malam, ni na kwantar da ƙanena da hannuna. Don Allah gaya masa."

Wallahi ban sake tofawa ba. Tsoron rasa kakina na aiki ya rufe min baki, tir da ni! Shekara biyu Malam Sale ya yi a kurkukun Kano, can ya rasu.

Abin da na koya ke nan: wanda bai san yadda ake binne mutane ba, bai isa ya karanta gawarsu ba, wanda ya sani ya yi shiru kuwa ya fi shi laifi. Wuƙar nan da hannuna na mayar da ita akwati. Ko wanki ba ta buƙata ba.